Tambayi Malamin Daji: Maɗaci Ba Ya Tashi a Inuwar Uwarsa

Wasiƙu huɗu na ware a wannan wata, duk a kan maɗaci da danginsa. Masu tambaya kan gara da kan dashen mangwaro su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Daga wani kafinta a Sabon Garin Zariya

*Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne, gado na yi. Ina yaro a shagon mahaifina, falankin maɗaci ɗaya ya isa a fitar da fuskar tebur ba haɗi. Yanzu sai na haɗa uku, kuma rabinsa fari ne, ɗanye, kwana biyu ya karkace. Na yi wa dillalin da nake sayen katako a wurinsa ƙorafi, ya ce in kwantar da hankalina, daji ba ya ƙarewa, duk inda aka sare ɗaya goma za su fito. Gaskiya ne?*

Wa alaikumus salam ɗana. Dillalinka ya faɗa maka abin da zai sa ka dawo gobe ne. Falankin da ke hannunka ya fi shi gaskiya. Wannan farin da kake gani a gefe naman da ke bayan ɓawo ne, jan tsakiya shi ne katako, kuma shekaru ne ke tara shi. In ka ga fari ya yi yawa, ƙaramin itace aka kayar. In kuwa har an koma kan ƙanana, to manyan da mota za ta iya kai wa gare su sun ƙare.

Akwai itatuwan da maganarsa ta hau kansu. Sare kalgo ko sabara, damina ɗaya za ka dawo ka tarar sun fi da yawa. Maɗaci ba ya cikinsu, kuma dalilin yana cikin irinsa.

In ka samu babban maɗaci a ƙarshen hunturu ko farkon bazara, ɗaga kai. Za ka ga ƙwallaye masu tauri, launin toka, tsaitsaye a kan rassa. In sun bushe sai su tsage gida huɗu, a ciki iri ne jere bisa jere, falan-falan, ruwan ƙasa, kowanne da ɗan siririn fiffike a gefensa. Iska ce ke ɗaukarsu, amma ba ta kai su nesa. Yawanci kusa da uwar suke zuba. Wannan iri ba shi da haƙuri. Irin gawo ko na bagaruwa na iya kwanciya cikin ƙasa shekaru yana jiran ruwa, na maɗaci kuwa 'yan watanni ne ya mutu, in ma ɓera da ƙwari sun bar shi. Ke nan babu wani ajiyayyen iri a cikin ƙasa da zai tashi bayan an sare uwar. Abin da ya zuba bana, shi ke nan.

Wanda ya tsira ya tsiro da ruwan farko, sai ya tarar da matsala ta biyu. Zai iya fitowa a inuwa, har ya yi ganye huɗu ko shida, amma ba zai yi gaba ba sai rana ta same shi daga sama. Lokacin da nake aiki a kurmin kudancin Kaduna, in muka shiga a tsakiyar damina mukan ga tsiron maɗaci birjik a gindin manya, har ka rasa inda za ka taka. Ka dawo da rani, ba ko ɗaya. Waɗanda inuwa ba ta kashe ba wuta ta lashe. Shi ya sa za ka yi tafiyar yini a kurmi ka ga tsofaffin itatuwa, ka ga jarirai, amma samarin da ke tsakani sai ka ƙirga su da yatsu.

Yanzu dubi yadda mai injin yankan itace ke aiki. Ya shiga, ya zaɓi mafi girma da miƙewa, wato wadda ta fi kowace zubar da iri. Sau da yawa da rani yake shiga, lokacin da hanya ta bushe, kafin ƙwallayen su tsage. Ya kayar da ita ita kaɗai, ramin hasken da ta bari a sama bai taka kara ya karya ba, cikin shekara biyu rassan maƙwabta da igiyoyin daji sun rufe shi. Ya ɗauke iri, ya bar inuwa. Kamar mai yanka kajin da ke ƙwai ne ya zauna jiran 'yan tsaki.

Ba mu muka fara shan wannan ba, kuma inda aka fi nazarinsa shi ne nahiyar Amurka, inda babban ɗan'uwan maɗaci yake, wato mahogani, wanda masana ke kira Swietenia macrophylla. Namu Khaya ne, amma gidansu ɗaya, tare da darbejiya ma. Tun ƙarni na 18 Turawan Ingila suke jidar wannan katako zuwa shagunan kafintocin Landan. A ƙasar Beliz bayi 'yan Afirka ne suka yi saran, kuma har yau hoton itacen na jikin tutar ƙasar da masu sara biyu a gefensa. Nau'in da ke tsibiran Kiyuba da Haiti shi aka fara cinyewa. Aka koma Amurka ta Tsakiya, daga nan aka gangara Boliviya da Brazil da Peru. Ko'ina tsarin ɗaya ne: a kwashe manya, a ce daji zai mayar, a matsa gaba. A dajin Amazon sau da yawa sai ka bi hekta guda ba ka samu babban itace ɗaya ba, don haka ana fasa hanya mai nisan gaske saboda 'yan itatuwa ƙalilan, kuma ta wannan hanyar masu kiwon shanu da masu noma ke biyo baya su ƙarasa dajin. A 2001 Brazil ta dakatar da cinikinsa gaba ɗaya. A watan Nuwamba na 2002, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Santiyago ta ƙasar Cile, aka sa shi cikin jerin abubuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar shaidar cewa saran bai cutar da jinsin ba.

To in haka ne, ta yaya dajin ya samu waɗannan manyan tun farko? Wata masaniyar daji, Laura Snook, ta bi wannan tambaya a jihar Kintana Ro ta Meziko. Ta lura cewa itatuwan ba a warwatse suke ta fuskar shekaru ba, rukuni-rukuni suke, kowane rukuni sa'o'in juna. Da aka bi tarihin wuraren sai aka ga kowane rukuni ya tashi ne bayan wani bala'i: guguwar teku ta kwantar da daji, gobara ta biyo baya ta share ƙasa. Manyan mahogani suna da saiwa da kaurin ɓawon da ke sa su tsira, sai su zuba iri a fili tas, rana ta ko'ina, ba abokin gasa. A dajin Cimanes na Boliviya ambaliyar koguna ce ke yin wannan aiki. Daga baya Snook da abokan aikinta suka gwada da hannu. Suka buɗe filaye na rabin hekta a cikin daji, wasu aka sassabe aka ƙone kamar yadda manoman Maya, 'yan asalin yankin, ke yi, wasu aka share da katafila, wasu aka sare kawai aka bari, sannan aka dasa tsiro a cikinsu da kuma ƙarƙashin rufaffen daji. Bayan kimanin shekara 5, wajen rabin waɗanda ke filin da aka ƙone ko aka share suna raye suna girma. Na cikin inuwa kusan duk sun mutu, 'yan ragowar kuma suna nan yadda aka dasa su.

Kada wani ya karanta wannan ya ce malamin daji ya ba da fatawar cinna wa daji wuta. Wutar da ake magana sau ɗaya ce, kafin iri ya zuba, daga nan sai a tsare wurin shekaru. Tamu ta kowace shekara, ta mafarauta da masu neman sabuwar ciyawa, ita ce ke cin tsiron.

Mu ma nan an taɓa gwada buɗe wa tsiro haske. Tun 1944 ma'aikatan daji na zamanin Turawa suka fara wani tsari a gandayen dajin Binin da Ondo: a yanke igiyoyi, a sa wa itatuwan da ba a so guba su mutu a tsaye, don rana ta sauka a kan 'ya'yan mahogani da sauran itatuwan kasuwa. An kashe kuɗi, an bi fili mai yawa, amma a shekarun 1960 aka watsar. Hasken da aka buɗe, igiyoyi da itatuwa masu saurin girma ne suka fi cin moriyarsa, iyayen iri kuma sun yi ƙaranci. Buɗe haske kaɗai bai isa ba. Dole iri ya kasance a wurin a daidai lokacin, kuma dole wani ya dawo da adda shekara bayan shekara ya yi wa tsiron shara.

Wannan mai dawowar shi ne gaba ɗayan maganar a ganina. Kamfanin da aka ba izinin shekara 5 ba zai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba, don itacen da zai rena ba shi zai sara ba. A Kintana Ro, da wa'adin kamfanin da ke riƙe da dajin ya ƙare a 1983, gwamnati da taimakon Jamusawa ta mayar da ikon dajin hannun ƙauyuka. Ƙauye irin Noh Bec ya raba dajinsa kashi 25, kowace shekara kashi ɗaya ake shiga, ba a taɓa mahoganin da kaurinsa bai kai santimita 55 ba, kuma filayen da aka tara gungume ana dasa su. A yankin Peten na Gwatamala ma an ba al'ummomi izini na shekara 25 a cikin babban gandun Maya da aka kafa a 1990, kuma ɓangarorin da ke hannunsu sun fi na kewaye tsira daga gobara da sara. Brazil da ta sake buɗe ƙofa a 2003 ta sa sharaɗi: kauri ya kai santimita 60, kuma cikin kowane itace 5 da suka isa sara a bar 1 a tsaye don iri. Ko waɗannan ba su gama warware matsalar ba. Itacen da ke iya cin shekara 100 a daji kafin ya kai girman sara, zagayen shekara 25 ya yi masa kusa, kuma masana da dama na ganin abin da ake bari ya yi kaɗan. Amma dai akwai wanda ke ƙirgawa.

A Afirka, Kamaru ta ce sai kaurin mahoganin kurmi ya kai santimita 80 kafin a sare, Gana ta sa 110. A Nuwamba 2022, a taron Fanama, an sa duk jinsin Khaya na Afirka cikin wancan jeri na CITES. Sai dai wannan doka ta kan iyaka ce, ba ta san da katakon da ke tasowa daga Taraba ko Neja zuwa Sabon Gari ba. Wannan yana hannun ma'aikatun daji na jihohi, kuma wanda ya ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba cikin 'yan shekaru, ana loda ta zuwa Sin, ya san ƙarfin da suke da shi.

Kai kuma abin da ke hannunka: daina karɓar falanki mai farin gefe a kuɗin ja, in kafintoci suka ƙi shi mai sara zai rage kayar da ƙanana. Ka jera katakonka a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska kafin ka taɓa shi. Maɗaci kuma ka ajiye shi don fuskar aiki, ƙofa da saman tebur. Ciki da bayan kabad wani katakon ya isa.

Daga wata malamar makaranta a Maraɗi

*Baba, barka da aiki. A ƙauyenmu sassabin zamani ya dawo mana da gawo da kalgo har mata sun huta da tafiya neman itacen girki. Tsofaffi suna cewa da can akwai maɗatai a bakin gulbi. Za mu iya dawo da su ta wannan hanyar?*

Malama, barka kadai. Ku mutanen Maraɗi ku ne malaman duniya a wannan fanni, ni ɗalibi ne. Abin da aka fara a wajenku a 1983, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura cewa 'yan kurarrajin da ke cikin gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, ya kai ga farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Ba a dasa ba, ba a yi ban ruwa ba. Manomi ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya hana a taɓa.

Amma sassabin zamani da abin da ke cikin ƙasa yake aiki. Gawo yana da saiwa a ƙarƙashin gonakinku, kuma awaki da shanu na cin 'ya'yansa suna baza irin a kashinsu. Maɗacin da aka sare tun zamanin kakanni kututturensa ya daɗe da ruɓewa, irinsa kuma ba ya jira. In kun ci sa'a kun samu ƙaramin kututture mai toho a bakin gulbi, ku yi masa yadda kuke yi wa sauran. In babu, sai kun kawo iri da hannunku.

Ku nemi babban itace mai lafiya, ko a cikin gari ne. Turawan Faransa sun dasa su da yawa a bakin tituna. Ku tsinki ƙwallayen da suka fara tsagewa, ku shanya a inuwa su buɗe, ku shuka a leda cikin makonnin nan, kada a ajiye sai baɗi. Cikin mako biyu zuwa uku za su fito. Ku karɓo daga itatuwa daban-daban, ba uwa ɗaya ba.

Wurin dashe shi ne inda za ku yi hattara. Maɗaci ya fi son ruwan sama fiye da abin da Maraɗi ke samu, don haka tudu mai yashi ba nasa ba ne. Fadama, bakin gulbi, kusa da rijiya, harabar makarantarki inda yara za su riƙa zuba masa ruwa da rani. Kuma kada ku sa shi tsakiyar gonar gero. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, maɗaci kuwa inuwarsa mai duhu ce. A shekarun farko za ku ga kamar ba ya motsi, saiwa yake turawa ƙasa. Babban maƙiyinsa a wajenku akuya ce, sai an kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin bakinta. In ya girma kuma makiyaya na son ganyensa da rani. A yi magana da su tun wuri, a yarda kan rassan ƙasa, a bar kan itacen, don wanda ake yi wa aski kowace shekara ba ya samun zarafin yin 'ya'ya.

Abu ɗaya daga tarihinku da nake so 'yan Najeriya su ji: manoman Nijar ba su fara barin itace a gona da gaske ba sai da suka tabbata nasu ne, ba na ma'aikacin daji mai cin tara ba. Kafin ku dasa a bakin gulbi, ku zauna da mai gari a san na wane ne.

Daga wani matashi ɗan zango a Kumasi

*Baba ina gaisuwa. Na samu fili a wajen Ejura na dasa mahogani 300 a jere, na share wurin tas. Shekarar farko sun yi kyau. Yanzu kan kowanne ya bushe, sai rassa ke fitowa ta gefe, sun zama kamar kurmin lalle. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce in yi feshi. Me zan yi?*

Ɗana, ba sammu ba ne, tsutsa ce. Ka je gonar da reza. Nemi tohon da ya lanƙwasa ya yi baƙi, za ka ga wani gari-gari kamar dusar katako haɗe da ƙaro da 'yar yana a inda ganye ya haɗu da kara. Tsaga karan a tsaye. Cikinsa rami ne, kuma in ba ta riga ta fita ba za ka same ta kwance, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe a bayanta. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike da ke tashi da dare, yana bin ƙanshin sabon toho ya saka ƙwai. Masana na kiransa Hypsipyla robusta. A Amurka akwai ɗan'uwansa Hypsipyla grandella mai aiki iri ɗaya.

Ba kasafai take kashe itace ba. Kuɗinsa take kashewa. In kan itacen ya mutu sai rassa biyu ko uku su fito, su ma ta bi su, a ƙarshe ka samu itace mai rai lafiya lau wanda ba za a fitar da falanki ko ɗaya daga jikinsa ba. Wannan 'yar tsutsa ita ce dalilin da ya sa har yau yawancin mahoganin Afirka daga daji ake saro shi, alhali tik da malaina an cika gandaye da su. Tsibirin Fiji, inda ƙwaron bai kai ba, sun dasa mahoganin Amurka sama da hekta 40,000 suna sayar wa duniya. Maɗacinmu na nan kuwa, a arewacin Ostareliya an dasa dubban hektoci nasa. Mu masu abin muna kallo.

Feshi asarar kuɗi ne. Tana cikin kara inda magani ba ya kai wa, ruwan sama na wanke na waje, kuma a wajenku kusan duk shekara tana haihuwa. Sai ka yi ta feshi shekaru.

Kuskuren yana wurin share fili tas da jera su su kaɗai. Na san za ka ce yanzun nan na gama gaya wa kafinta cewa itacen na son rana. Haka ne, daga sama yake son ta. Ta gefe kuwa ya fi son matsi: in akwai ganye kewaye da shi ƙwaron ba ya saurin gano shi, kuma ko an ci kansa, toho ɗaya ne ke yin sama da sauri don neman haske maimakon ya baje. Cibiyar binciken daji ta Gana da ke Fumesua, nan kusa da kai, ta daɗe tana aiki a kan cakuɗa mahogani da wasu itatuwa da kuma zaɓen irin da ke jure tsutsar. Ka je da kanka ka tambaya, ka tafi da 'yan karan da ka tsaga.

Naka 300 ba su lalace ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa mai kaifi, a kowanne ka zaɓi reshe mafi ƙarfi da miƙewa ka bar shi, ka yanke sauran daf da jiki, kan da ya mutu kuma ka yanke shi ƙasa da inda ramin ya tsaya, ka tara ka ƙone. Za ka maimaita wannan duk lokacin da suka yi sabon toho, har gangar jikin ta kai kamar mita 5 ko 6 a miƙe. Daga nan in ta ci kai ta ci, gungumenka ya riga ya samu. Tsakanin layuka ka sa agade da rogo, ka bar wasu itatuwan da suka fito da kansu su taso tare da su, kana datse duk wanda ya hau kansu. Agaden zai ba su inuwar gefe, ya kuma ba ka abin sawa a aljihu, don maganar katako sai nan da shekara 30 ko fiye. Kafin rani kuma ka share hanyar wuta kewaye da gonar. Ejura ba baƙuwar gobarar daji ba ce.

Daga wata Hajiya a Nasarawa, Kano

*Malam, maɗatan da ke bakin titinmu masu maganin gargajiya sun sassaƙe su har sun zama fari. Biyu sun bushe. Ni ma ina jiƙa sassaƙen saboda ciwon ciki. Ɗiban ɓawo na kashe itace ne?*

Hajiya, ya danganta da yadda aka ɗiba. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka ɗebi tsiri a tsaye ta gefe ɗaya, hanya na nan ta sauran gefen, kuma maɗaci na da ƙoƙarin rufe ciwo. In aka zagaye gangar jikin, ko da faɗin tafin hannu ne, saiwa ta rasa abinci. Itacen zai yi kamar ba abin da ya same shi wata da watanni, sannan ya bushe a tsaye. Abin da ke faruwa a titinku shi ne kowa na ɗiban kaɗan, wannan ta gabas, wancan ta yamma, har ciwukan su haɗu. Ga shi kuma duk a tsawon hannun mutum ake yi, wuri ɗaya.

Ku sa mai unguwa ya kira masu ɗiban, yawancinsu sanannu ne. Sharaɗin mai sauƙi ne: babban itace kawai, tsiri ɗaya da bai wuce faɗin yatsa uku ba, kada wuƙa ta shiga naman itacen, kuma ba a komawa kansa sai tsohon ciwon ya rufe. Waɗanda aka riga aka yi wa illa a bar su su huta gaba ɗaya. Masu sayarwa da yawa kuma su nufi inda ake tsaga gungume, ɓawon maɗaci na nan zube ana ƙonewa.

Batun cikinki kuwa, ni malamin daji ne. Sassaƙen maɗaci na da ƙarfi, kuma ba a san ma'auninsa a kofi ba. In ciwon yana dawowa, ko akwai zazzaɓi tare da shi, ki je asibiti a duba, ki kuma gaya wa likita abin da kike sha.